Lamunin Gida: Ranar Da Banki Ya Ce Bai San Gidan Da Kowa Ya Sani Ba

Mai karatu, ban sani ba ko ka taɓa ɗaure kayan gidanka tsaf, ka kwance gadaje, ka jera kwalaye a tsakar gida, ka yi sallama da maƙwabta har an yafi juna, sa'an nan a wayi gari ka ga ba ka da inda za ka sauke kayan. Idan ba ka taɓa ba, ina roƙon Allah kada Ya nuna maka. Ni kam na gani a garin Tambuwal cikin daminar shekarar 2024, kuma abin da ya jawo mini shi wata 'yar wasiƙa ce da ba ta cika rabin shafi ba, wadda wani bankin ba da lamunin gidaje ya aiko mini, yana mai baƙin cikin sanar da ni cewa ba zai iya ba ni bashin da na nema ba. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin kuwa Bahaushe ba ya son tallar rashinsa a jarida. Abin da ya sa na sauya shawara shi ne, duk ma'aikacin da na ba labarin a tsakanin Tambuwal da Kebbe sai in ga shi ma a kan gadar da ta karye da ni yake tsaye, bai dai sani ba.

Ni mutumin Kebbe ne, can aka yanke mini cibiya, can kuma mahaifiyarmu take har gobe. Na kama aiki da wata hukumar gwamnatin tarayya a 1999, na yi shekaru ana jefa ni nan da can, daga bisani aka ajiye ni a Tambuwal, inda na shekara goma sha ɗaya ina haya a gida guda. Mai gidan dattijo ne mai mutunci, bai taɓa ɗaga mini murya kan kuɗin haya ba. A farkon 2024 ya zo da kansa bayan sallar la'asar, ya zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye cikin kunya, kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi: ɗansa zai yi aure bayan babbar salla, kuma ba shi da inda zai ajiye amarya sai nan. Ya ba ni wata shida. Ban ga laifinsa ba, kowa da nasa yake taƙama.

Da na fita neman wani gidan hayar ne na gane garin ya sauya ban lura ba. Tambuwal tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, saboda haka dama ba ta rabuwa da baƙi. Amma a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya kori mutane da dama daga ƙauyuka sun dawo manyan garuruwa, duk ɗakin da ke ajiye an sa masa mutum. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga buhun siminti da ya haura Naira dubu 10 a farkon 2024, alhali kuwa a Kalambaina, nan gefen Sakkwato, ake yin sa. Masu gidaje suka ƙara kuɗin haya, masu gini suka tsaya cik. Ana cikin haka wani dillali ya kai ni wani gida na sayarwa: ɗaki huɗu da zaure da rijiya, ginin bulo, rufin kwano, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida. Mai shi wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi da ke shirin komawa Sakkwato da iyalinsa. Aka yi ciniki, aka daidaita kan Naira miliyan 9. Abin da na tara duk tsawon rayuwata, har da kuɗin shanu biyu da nake kiwo a Kebbe, miliyan 1 ne da 'yan kai. Na miƙa miliyan 1 kafin alƙalami a gaban shaidu, na ce a ba ni wata huɗu in cika.

Mai karatu zai ce, da me ka dogara? Na dogara ne da wani abu da ake cirewa daga albashina tun watan da na fara karɓar albashi. A shekarar 1992 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda doka ta ce a riƙa yanke kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata ana zubawa a ciki. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da asusun. Alƙawarin kuwa mai daɗin ji ne: duk wanda ya yi zubi na aƙalla wata shida yana da damar neman bashin saye ko gina gida a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya a hankali har tsawon shekara 30. A da, tsawon shekaru da dama, iyakar abin da ake bayarwa Naira miliyan 15 ce, ni kuwa miliyan 8 kacal nake nema. A ƙasar da bankunan kasuwanci ke neman sama da kashi 20 cikin ɗari, wannan kamar kyauta ne. A 2023 an yi wa dokar gyaran da ya mayar da zubin ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, amma mu na gwamnati dole ce har yanzu. Shekara 25 ke nan ana yanka mini. Na ɗauka ajiya na yi, ranar buƙata kuma ta zo.

Ba zan ɓoye ba, maganar kuɗin ruwa ta tsaya mini a rai. Mun tashi a ƙasar da ko yaro ya san hukuncin riba, kuma kashi 6 da kashi 26 duk sunansu ɗaya. Na yi kwanaki ina juya abin, na tambayi malamai biyu na sami amsa biyu, daga ƙarshe matsin rashin muhalli ya rinjaye ni, na tafi zuciyata ba ta natsu ba. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce ai da bankin Musulunci ka je da ka huta. Tun da bankin Jaiz ya buɗe ƙofa a 2012, wasu kuma suka biyo bayansa, an sami hanyoyin mallakar gida da ba ruwa a ciki, kamar banki ya sayi gidan ya ba ka haya har ka gama biya, ko ku haɗa hannu ku saya kana fansar rabonsa sannu a hankali. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai abin da ya kayar da ni yana nan yana jiran mutum a ƙofar kowane banki, mai ruwa da marar ruwa.

Tsarin asusun shi ne, ba kai tsaye ake zuwa babban bankin ba; sai ka bi ta ɗaya daga cikin ƙananan bankunan lamunin gidaje da aka amince da su, shi zai tantance ka, ya tura takardunka gaba, shi ne kuma zai ɗauki asara idan ka kasa biya. Babu irin wannan banki a Tambuwal balle Kebbe. Sau biyar na tashi da asuba na bi ta Shagari da Bodinga na shiga Sakkwato. Na cike fom, na kai takardun albashi, da shaidar biyan haraji, da hotuna, da wasiƙar shugaban ofishinmu. Na biya kuɗin wanda ya zo ya ƙiyasta darajar gidan. Ranar da aka karɓi fayil ɗina aka buga masa hatimi, na dawo gida na ce wa uwargida ta fara ɗaure kaya. Na kuma je na shaida wa dattijon mai gida cewa kada ya damu, zan ma riga wa'adinsa tashi. A nan na yi wautar da ba ni da wanda zan ɗora wa: an karɓi takarda, ni kuwa na ji kamar an ba ni kuɗi. Bahaushe ya ce kada ka zubar da ruwan tulunka don ka ga hadari, ni ga shi da furfurata na zubar.

Bayan mako tara wasiƙar ta zo. Kashegari na koma Sakkwato da zafina. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin matashi ne da bai fi sa'ar babban ɗana ba, ya ba ni kujera, ya bari na gama faɗa, sa'an nan ya ce, "Yallaɓai, wallahi ba a ƙi ka ba. Albashinka na shiga kan kari, ba bashin kowa a kanka. Matsala biyu ce." Ya jawo na'urar lissafi. Ta farko shekaru. Ma'aikacin tarayya yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ni kuwa ina da 51, wato saura tara. Shekara 30 ɗin da ake faɗa ta mai ƙuruciya ce. Miliyan 8 a shekara 30 biyanta wajen Naira dubu 48 ne a wata, amma a shekara tara sai ta koma wajen dubu 96. Ƙa'ida kuma ta hana a yanke wa ma'aikaci fiye da sulusin albashinsa. Na yi lissafin a raina na ga albashina bai kai ba. Ya ce wannan tana da magani, ana iya rage yawan bashin in nemo ciko a wani wuri. "Ta biyun ce ba ni da yadda zan yi, Yallaɓai. Gidan ba shi da takarda."

Na ce kamar yaya ba shi da takarda? Na buɗe jaka na zazzage masa. Ga takardar cinikin da Alhaji ya sayi filin shekaru da dama da suka wuce, da sa hannun mai sayarwa da shaidu huɗu. Ga ta mai unguwa, ga hatimin hakimi, ga rasit na ƙaramar hukuma. Na ce masa ya je Tambuwal ya tsayar da duk yaron da ya gani a unguwar ya tambaye shi gidan wane ne wannan. Ya yi murmushi ya ce, "Na yarda kowa ya sani. Amma ranar da aka je kotu, ba kowa za a kira ba, takardar gwamna za a nema."

Na fito daga ofishin ina ganin an yi mini wulaƙanci. Sai da na huce, na zauna da wani abokina lauya, na kuma karanta dokar da kaina, sa'an nan na fahimci yaron gaskiya ya faɗa mini. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke da shi izinin zama ne. Gwamna ke ba da izini mai ƙarfi, da takardar shaidar da 'yan boko ke kira Si-of-O, wadda galibi ake rubuta mata shekara 99. Ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin zama na gargajiya a karkara. Sashe na 22 na dokar ya ce mai riƙe da izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamnan. Mu 'yan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don kuwa Turawa sun shimfiɗa irinsa tun 1910, gwamnatin Sardauna ta sabunta shi a dokar 1962, daga nan ne ma aka kwaso tsarin aka yafa wa ƙasa baki ɗaya. Sai dai dokar ta zauna a Kaduna da Sakkwato cikin kabad, mutanen gari kuwa suka ci gaba da cinikinsu yadda suka gada: dillali, shaidu, mai unguwa, a karanta fatiha a raba goro.

Abin da ya sa bankuna suka zama kamar wanda maciji ya sara ya ga tsumma, wata shari'a ce da Kotun Ƙoli ta yanke a 1989 tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo. An jinginar wa bankin gida a Legas aka ci bashi, da biya ya gagara banki ya tashi sayar da gidan, sai masu gida suka ce ai ba a nemi yardar gwamna ba lokacin jinginar. Kotu ta ce haka ne, jinginar ba ta inganta ba, ko da kuwa an mallaki filin tun kafin 1978. Tun daga ranar duk lauyan banki ya riƙe darasin. Ka sa kanka a matsayin manajan: an kawo maka gida a wani lungu a Tambuwal, babu taswirar safiyo, babu rajista a ma'aikatar filaye, ba ka da hanyar sanin ko an taɓa jinginar da shi a wani wuri, ko akwai magajin da zai ɓullo gobe ya ce da rabonsa. Idan ma ka yi nasara a kotu, wa zai fito ya sayi gidan da aka fitar da maƙwabcinsa da iyalinsa daga ciki? A garuruwanmu wanda ya yi haka sai ya rasa mai amsa masa sallama. In da ni ne a kujerar, ina jin wasiƙar da zan rubuta ke nan.

Ban haƙura nan take ba. Na tuna muna da gida a Kebbe, babban gida na iyaye, da gonar fadama wajen Kuchi da ake noman shinkafa, wadda a darajarta ta fi gidan Alhaji. Na ce bari in je in ga ko za a yi musu takardar gwamna in kafa su jingina. Na sami Yaya a zaure da dare na karanta masa buƙatata. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, can ya ce, "Auta, mi kac ce? Gidanga da Inna ka ciki za ka kai ma banki?" Ya tuna mini abin da na sani na yi kamar na manta. Shekara goma sha huɗu da rasuwar mahaifinmu ba a raba gado ba, mu tara ne, mata biyar maza huɗu, biyu daga cikin matan sun rasu sun bar 'ya'ya, wato rabonsu ya sake rabuwa. Kafin a rubuta sunan mutum ɗaya a takarda sai an je gaban alƙali an fitar wa kowa da nasa, ranar da aka yi haka kuwa gidan ya tashi daga gidanmu ya koma ɗakuna da katangu. Da safe na shiga gaida Inna, ashe labari ya riga ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ubanku ya taɓa jinginar da gona shekarar yunwa, ya shekara bakwai kafin ya fanso ta, kuma wanda ya riƙe ta ɗan'uwa ne. Banki ɗan'uwan wa ne?" Ban sake tayar da maganar ba.

A hanyata ta dawowa na riƙa tuna wani littafi da ya yi tashe a farkon shekarun 2000, na masanin tattalin arzikin nan ɗan ƙasar Peru, Hernando de Soto. Hujjarsa ita ce talakawan duniya suna zaune a kan dukiya mai ɗimbin yawa, gidaje da gonaki, amma dukiyar a mace take tun da ba ta da takardar da za a kai banki a karɓo jari. Lokacin da na fara jin wannan magana na yi ta gyaɗa kai. Yanzu rabinta na yarda da shi. Gidan Alhaji kam takarda kawai ya rasa, kuma rashinta ya cuce ni ya cuce shi. Amma gidanmu na Kebbe ba matacce ba ne. Duk wadda aurenta ya mutu nan take dawowa, duk marayan dangi nan yake tashi, waɗanda suka gudo daga ƙauye a 'yan shekarun nan nan aka ba su ɗaki. Yana aikin da babu wata hukuma da ke yi mana shi, kuma yana yin sa ne saboda ba wanda ke da ikon kai shi banki shi kaɗai. Mun kuma ga abin da ya faru a Amurka a 2008, inda takardu suka cika ko'ina, bashi ya yi sauƙi, daga ƙarshe miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

Sauran abin da ya rage shi ne fuskantar mutane, wanda ya fi wasiƙar ciwo. Na fara da Alhaji. Na tafi da dillali da ɗaya daga cikin shaidu, na faɗa masa gaskiya ba ƙari. Na roƙe shi ko zai nemi takardar gwamna da sunansa mu jira. Ya ce, "Malam, ni kuɗi nake so in cika wani ciniki a Sakkwato kafin kaka. Safiyo, taswira, kuɗin fili, kai-da-kawo, wa ya san ranar fitowarta? Akwai wanda ya taya gidan da kuɗi a hannu, don ke nan na ba ka kalma na hana shi." Ya yi mini halacci, da ya sayar ya mayar mini da kuɗina, in ban da la'adar dillali da ta riga ta shige. Na san waɗanda ba su yi irin wannan dace ba, domin yawancin takardun kafin alƙalami da muke rubutawa ba sa faɗin abin da zai faru idan ciniki ya warware. Tawa ma ba ta faɗa ba. Mutuncin Alhaji ne ya cece ni.

Dattijon mai gida ya ƙara mini mako uku, fiye da haka ba zai yiwu ba don an riga an sa rana. Muka sami wani gida mai ɗaki biyu a bayan gari, kuɗinsa ya fi na wancan mai ɗaki huɗu. A-kori-kura biyu aka yi: ɗaya ta bi mu, ɗaya ta wuce Kebbe da kujeru da kabad da rabin jeren uwargida, aka zuba su a wani ɗakin da ke gidan da na so in jinginar. Manyan yara maza suka koma kwana a zaure. Uwargida ba ta ce mini uffan ba duk tsawon kwanakin, sai ranar da muke kwance kwalaye ta ɗago wani agogon bango da ta saya musamman don sabon gida, ta dube shi, ta mayar cikin kwalinsa. Na fi son a ce faɗa ta yi.

To, ina ƙorafina yake, tun da na wanke banki na kuma amsa laifina? Yana ga tsarin da ke karɓar kuɗin mutum dole, alhali sharuɗɗan cin moriyarsa ba su dace da inda mutumin yake zaune ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, idan yana cikin masu zubi, abin da ake yanka masa daidai yake da na takwaransa na Abuja. Amma na Abuja yana kewaye da rukunin gidaje masu takarda da aka gina don masu lamuni, shi kuwa namu ko ya zaga garinsu kaf da wuya ya sami gidan sayarwa mai takardar gwamna. Ko gidajen da gwamnatocin jiha suka gina, irin na Bado da Kalambaina, a kewayen birnin Sakkwato suke. Gaskiya ne idan mutum ya yi ritaya ana mayar masa da zubinsa da ɗan ƙarin kashi 2 cikin ɗari, amma Nairar da aka karɓa a 1999, lokacin da buhun siminti ke ɗaruruwan Naira, me za ta saya ranar da aka mayar da ita? Jami'in ya kuma gaya mini akwai ƙaramin lamunin gyaran gida da a lokacin bai wuce Naira miliyan 1 ba. Na gode masa, sai dai mai gida ke gyara.

Ba yau aka gano wannan ciwo ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran dokar ƙasa cikin ƙudurorinsa bakwai, a 2009 ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje don a bi gari-gari a yi wa filaye rajista. Allah Ya karɓi ransa a watan Mayun 2010, aikin bai kai inda aka nufa ba. Wahalar ita ce an cusa dokar cikin tsarin mulki, taɓa ta sai da kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, gwamnoni kuwa ba su cika son sakin abin da ke hannunsu ba. Mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai, Aminu Waziri Tambuwal, daga 2011 zuwa 2015, saboda haka mun san yadda ake tafiyar da irin waɗannan al'amura, mun kuma san ba aikin mutum ɗaya ba ne. Amma akwai abin da ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki. Me zai hana jiha ta tura safiyo da magatakarda su zauna a sakateriyar ƙaramar hukuma, su bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da hakimai da limamai, waɗanda dama su ne rajistar da jama'a suka yarda da ita, a auna gidaje a lokaci guda, a kafe sunaye a bainar jama'a don mai ƙorafi ya fito, a ba da takarda a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya? Auna gida ɗari a rana ɗaya ya fi arha a kan kowa ya ɗauko safiyonsa daga Sakkwato. Wanda ke son gidan gadonsu ya zauna yadda yake sai a rubuta shi da sunan magada baki ɗaya, ba a tilasta wa kowa rabo ba.

Ga ƙannena ma'aikata kuwa, musamman waɗanda ba su kai shekara arba'in ba, kada ku yi irin jirana. Ni na ɗauka gida abin da ake nema ne dab da ritaya, ashe a wurin mai ba da lamuni ƙuruciya ita ce jari. Kafin ka tambayi dillali ɗaki nawa ne, tambaye shi wace takarda ce, ka kuma kai kwafinta bankin su gani tun kafin ka fitar da ko sisi. Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta ƙarara cewa in lamuni bai fito ba za a mayar maka da kuɗinka, da kuma yaushe. Waɗanda ke cikin tsarin fansho na zubi su sani tun 2022 hukumar fansho ta ba da damar a ɗebi har kashi 25 cikin ɗari na abin da mutum ya tara don biyan kason da ake nema daga mai sayen gida, ko da yake wannan ma sai an amince da lamunin tukuna. Sa'an nan kada ka ce wa mai gidan haya komai, kada ka ce wa iyali su kwance ko labule, sai ka ga kuɗi sun shiga hannun mai sayarwa.

Kuɗin da Alhaji ya mayar mini na haɗa da abin da na ɗauka a adashin ofis na sayi fuloti a gefen gari. Wannan karon safiyo na fara kira kafin birkila, ya kafa duwatsunsa huɗu, ya zana taswira, na shigar da takardun neman shaidar gwamna. Abokaina suna yi mini dariya wai na sayi linzami kafin doki, tun da ba lamunin da zan ƙara nema a shekaruna. Na ce musu ba don ni ba ne, babban ɗana ya kusa kama aiki. Duk wata idan albashi ya shigo, bayan an yanke kashi 2.5 ɗin nan, nakan sayi siminti buhu uku ko huɗu a buga bulo a jera. Damina ta cinye mini wasu, na koyi rufe su da leda. Ginin ya kai taga yanzu, birkila ya ce idan na samo rodi kafin azumi za mu ɗaura linta.